Darasi na Bakwai: Shigar da Majinyata da Jama'a cikin Tsara Ayyukan Lafiya da Horar da Ma'aikata

7.1 Gabatarwa

Wannan darasi zai yi bayani ne a kan wani tsari da ya samu gindin zama a harkar kiwon lafiya a ƙasashe da dama, musamman Birtaniya, wato shigar da majinyata da sauran jama'a cikin tsara ayyukan asibiti da horar da likitoci da ma'aikatan jinya. Mai yiwuwa ɗalibi ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da wannan batu? Amsar ita ce, tsarin gaba ɗayansa a kan magana ya dogara: wa aka ba bakin magana, da wane harshe zai yi ta, kuma me ake yi da abin da ya faɗa. Bugu da ƙari, a ƙauyuka da unguwanni da yawa malamin makaranta ake nema idan za a fassara takardar asibiti, ko a rubuta ƙorafi, ko a naɗa magatakardan kwamitin lafiya. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bambance shigarwa ta haƙiƙa da ta ganin ido, ya kuma gane rawar da harshe ke takawa a tsakanin likita da majinyaci.

7.2 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar jinya, wadda wasu kare-karen harshe ke furtawa jiyya, tana da fuska biyu. Idan aka ce wane yana jinya, ana iya nufin shi ne ba shi da lafiya, ana kuma iya nufin shi ne ke zaune a kan maras lafiyar. Wannan harshen damo yana da amfani a nan, domin tsarin da muke nazari ya ƙunshi duka biyun. A wannan darasi za a riƙa cewa majinyaci ga wanda ke fama da ciwo, mai jinya kuma ga ɗan'uwan da ke kula da shi. Jama'a kuwa su ne sauran mutanen gari, waɗanda ba su kwanta ba yau amma suna iya kwanciya gobe, kuma da harajinsu ake gudanar da asibitin.

Akwai kalmomi uku da ake yawan cakuɗa su, alhali ba ɗaya suke ba: sanarwa da tuntuɓa da shigarwa. Sanarwa ita ce a gama yanke shawara sannan a gaya wa mutane. Tuntuɓa ita ce a ji ta bakinsu, amma hukuncin yana hannun wanda ya yi tambayar. Shigarwa kuwa ita ce a zauna da su tun daga farko, su sa baki a abin da za a tattauna, kuma maganarsu ta iya sauya sakamakon. Ke nan ma'aunin shigarwa shi ne a iya nuna wani abu da ya canza saboda majinyaci ya yi magana.

7.3 Dalilin Shigar da Majinyaci

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita ya san cuta: sanadinta da alamominta da maganinta. Majinyaci kuwa ya san zama da cutar: yadda take hana shi barci, da yadda maganin ke sa shi jiri a wurin aiki, da nawa yake kashewa a mota kafin ya iso asibiti. Waɗannan ilimi ne iri biyu, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Misali mai kyau shi ne na masu fama da ciwon kumburin gaɓoɓi, wanda aka fi sani da amosanin gaɓɓai. Akwai wani taron masana na duniya mai suna OMERACT, wanda tun 1992 yake tsara abubuwan da za a riƙa aunawa idan ana gwajin sabon maganin wannan ciwo. Masanan sun amince a riƙa ƙirga gaɓoɓin da suka kumbura, a auna zafin ciwo, a duba sakamakon gwajin jini da makamantansu. A shekarar 2002 aka fara gayyatar majinyata zuwa taron. Da aka ba su dama, sai suka nuna cewa akwai abin da ke damunsu ƙwarai wanda ba ya cikin jerin, wato matsananciyar kasala da gajiya da ke hana mutum taɓuka komai ko da gaɓoɓin sun lafa. Aka yi bincike aka tabbatar da maganarsu, kuma a taron 2006 aka amince a riƙa auna gajiyar. Abin lura shi ne, masanan ba jahilai ba ne, ƙwararru ne a fagensu. Sun shekara goma suna auna abin da idonsu ke gani, ba su tambayi mai jikin ba.

A matakin duniya, an kafa tubalin wannan ra'ayi ne a taron Alma-Ata na watan Satumba 1978, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shirya, ƙasashe 134 suka halarta. Sanarwar taron ta bayyana cewa shiga cikin tsara kiwon lafiya da aiwatar da shi haƙƙi ne na mutane, kuma nauyi ne a kansu.

7.4 Yadda Tsarin Ya Bunƙasa a Ingila

An kafa hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, wadda aka fi sani da NHS, a 1948, kuma a shekarunta na farko likitoci da jami'an gwamnati ne ke da wuƙa da nama. Sai a 1974 aka kafa majalisun lafiya na al'umma a Ingila da Wales, waɗanda aka ba ikon ziyartar asibitoci da yin magana da yawun jama'a. Amma abin da ya fi tura tsarin gaba ba tunanin masana ba ne, asarar rayuka ce.

Ta farko ta faru ne a babban asibitin birnin Bristol, inda ake yi wa jarirai tiyatar zuciya. Kwamitin bincike ƙarƙashin Farfesa Ian Kennedy, wanda ya miƙa rahotonsa a 2001, ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 jarirai 30 zuwa 35 'yan ƙasa da shekara ɗaya sun rasu fiye da adadin da za a sa rai da a wani asibitin aka yi musu aikin. Ba a gaya wa iyaye haƙiƙanin girman haɗarin ba, kuma iyayen ne suka haɗa kai suka matsa lamba har aka yi binciken. Rahoton ya kawo shawarwari 198, cikinsu har da cewa a sanya majinyata da jama'a a duk inda ake yanke hukunci kan lafiyarsu. A shekarar ta 2001 aka yi dokar da ta wajabta wa hukumomin NHS tuntuɓar jama'a da shigar da su idan za a tsara ayyuka ko a sauya su.

Sai dai yin doka daban, aiki da ita daban. A 2003 aka rushe majalisun 1974 a Ingila, aka maye gurbinsu da wasu zaurukan majinyata. A 2008 aka rushe waɗannan ma aka kafa wasu. Ana cikin wannan sauye-sauye ne abin kunya na biyu ya auku a asibitin garin Stafford, tsakanin 2005 da 2009. An riƙa barin tsofaffi kwance cikin ƙazantarsu, ana ajiye abinci da ruwa inda hannunsu ba ya kaiwa, a lokacin da shugabannin asibitin suka duƙufa wajen rage kashe kuɗi da cika alƙaluman da gwamnati ke nema. Wadda ta tona asirin ba jami'a ba ce, ba kuma 'yar wani kwamiti ba. Wata mata ce mai gidan shayi, Julie Bailey, wadda ta yi jinyar mahaifiyarta a asibitin har ta rasu a 2007, ta ga abin da ta gani, ta tara sauran dangin mamata suka kafa ƙungiya. Lauya Robert Francis ya jagoranci binciken, ya fitar da rahoto a watan Fabrairu 2013 mai shawarwari 290. Wani abu da ya kamata ɗalibi ya riƙe daga rahoton shi ne, zaurukan da aka kafa musamman don su zama muryar majinyata suna nan a garin a duk tsawon lokacin, amma ba su tsinana abin a zo a gani ba. Akwai kujeru, akwai taro, akwai rubutaccen bayanin taro, kuma mutane na wahala a ɗakunan kwanciya.

A 2013 aka kafa wata sabuwar hukuma mai suna Healthwatch, mai rassa a ƙananan hukumomi, kuma a 2025 gwamnati ta sanar da niyyarta ta rushe ita ma. Wato cikin kimanin shekara 50 an gwada tsari huɗu. A ganin marubucin wannan darasi, yawan sauya suna da fasali alama ce ta cewa matsalar ba a fasalin take ba, tana wajen amsa tambayar da kowa ke kauce wa: idan majinyaci ya ce a'a, likita ko shugaban asibiti ya ce i, maganar wa za a bi?

An ɗan amsa wannan tambaya a wani lungu guda. A 2021 wata yarinya 'yar shekara 13, Martha Mills, ta rasu a wani asibiti a Landan bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jininta, alhali iyayenta sun yi ta nuna damuwa cewa jikinta na ƙara tsanani. Bayan gwagwarmayar iyayen, daga 2024 aka fara aiki da wata ƙa'ida mai ɗauke da sunanta a asibitocin Ingila, wadda ta ba majinyaci ko danginsa ikon kiran wata tawagar likitoci ta daban ta zo ta sake duba shi cikin gaggawa. Wannan ya wuce jin ra'ayi, iko ne aka danƙa wa mai jinya.

7.5 Tsanin Arnstein

Masana kan yi amfani da wani ma'auni da Ba'amurkiya Sherry Arnstein ta fito da shi a 1969. Ba a kan asibiti ta yi rubutun ba, a kan shirye-shiryen raya birane da yaƙi da talauci na Amurka ne, amma ma'aunin ya dace da kowane fage. Ta kwatanta shigar da jama'a da tsani mai hawa takwas, ta kasa su gida uku. Hawa biyu na ƙasa ba shigarwa ba ne sam, juya tunanin mutane ne da lallashinsu. Uku na tsakiya, wato sanarwa da tuntuɓa da kwantar da hankali, su ne na ganin ido. A nan ne ake samun abin da Bahaushe ke kira kwamitin je-ka-na-yi-ka. Uku na sama su ne haɗin gwiwa, da miƙa wani ɓangare na iko, da riƙe ragamar gaba ɗaya. An soki tsanin da cewa ya ɗauka kowa burinsa ya kai ƙololuwa, alhali wani majinyacin abin da yake so kawai a yi masa bayani da harshen da yake ji. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta rage wa tsanin amfani wajen gane inda wani shiri ya tsaya ba.

7.6 Majinyaci a Matsayin Malami

Tun asali da majinyata ake koyar da aikin likita, amma a matsayin abin nuni. Babban likita ya tsaya a bakin gado da ɗalibansa, a buɗe jikin mutum, a yi ta magana a kansa da harshen da ba ya ji, a wuce gado na gaba. Sauyi ya fara ne a 1963, lokacin da Howard Barrows, likitan jijiyoyi a wata jami'a da ke Kalifoniya, ya horar da wata mata lafiyayya ta kwaikwayi mai ciwon jijiya, ɗalibai su duba ta, sannan ta faɗi yadda kowannensu ya yi. Da farko abokan aikinsa sun yi masa dariya, amma a yau makarantun likitanci da yawa a duniya suna amfani da wannan dabara wajen koyarwa da jarrabawa.

Daga nan aka matsa zuwa ga majinyata na gaske. A makarantu da dama na Birtaniya, mai ciwon suga ko mai jinyar tsohon da ya ruɗe yakan shiga aji ya koyar, ya zauna a kwamitin tantance masu neman gurbin karatu, ya sa baki a manhaja, ya kuma ba da maki a jarrabawar iya magana da majinyaci. Majalisar da ke kula da aikin likitoci a ƙasar ta sanya jin ra'ayin majinyata cikin ƙa'idojinta na horarwa a 2009, ta kuma fitar da jagora na musamman a kan haka a 2011.

Wani darasin ya fito ne daga likitar da ta koma majinyaciya. Kate Granger, likitar tsofaffi, ta kamu da ciwon daji a 2011. Da ta kwanta a asibiti sai ta lura ma'aikata da yawa na zuwa kanta su yi abin da za su yi ba tare da sun faɗi sunansu ba. A 2013 ta fara kiran a riƙa buɗe magana da majinyaci da gaisuwa da faɗin suna, kuma kafin rasuwarta a 2016 tana da shekara 34, dubban ma'aikata sun rungumi wannan ɗabi'a. Ga Bahaushe, wanda a al'adarsa ba a shiga magana sai an yi sallama an gaisa, abin zai zo da mamaki a ce sai da aka yi gangami a kansa. To amma ɗalibi ya tuna sau nawa ya ji an kira mutum a asibitocinmu da lambar gado ko da sunan ciwonsa.

7.7 Batun a Ƙasar Hausa

Babu misalin da ya fi na rigakafin shan inna nuna tsadar ƙin sauraron jama'a. A 2003 aka dakatar da rigakafin a wasu jihohin Arewa, Kano ce ta fi daɗewa, domin sai a watan Yuli 2004 ta koma. An fi danganta lamarin da jita-jitar cewa maganin na hana haihuwa, amma ƙarƙashin jita-jitar akwai tambayoyin da mutane ke yi waɗanda ba a amsa ba. Me ya sa ake bin mu gida-gida da maganin wannan cuta kyauta, alhali zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda ne ke kashe 'ya'yanmu, kuma su sai mun saya? Ga kuma tabon gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba. Sakamakon dakatarwar, cutar ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20.

Al'amarin ya fara gyaruwa ne da aka ɗauki waɗannan tambayoyi da muhimmanci. Daga 2006 aka riƙa haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke buƙata, kamar allurar ƙyanda da gidan sauro. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya a matakin farko, aka kuma ɗauki matan unguwa da mutanen da cutar ta naƙasa suna shiga gidaje suna bayani. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ko da yake an ci gaba da rigakafi saboda wani nau'inta da ya saura.

Shi kansa sunan cutar abin nazari ne. Shan inna na ɗauke da bayanin sanadi a cikinsa, wato Inna ce, ɗaya daga cikin iskoki, ta shanye ƙafar yaro. Wanda ya yarda da haka, me ɗigon magani zai yi masa? Haka kalmar ƙanjamau, daga ƙanjamewa, tana zana hoton mutumin da ya rame ya lalace, ga kuma laƙabin kabari kusa da aka yi wa cutar. Mai ɗauke da ƙwayar wanda ke shan magani yana harkokinsa lafiya lau, shi ya san nauyin waɗannan sunaye, kuma ba banza ba kafofin watsa labarai suka fi karkata ga cewa cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai kuma kalmomin da ma'anarsu a bakin majinyaci ta fi faɗin wadda likita ya koya. Basir a wajen Bahaushe ya wuce tsiron dubura, sanyi a bakin mace na iya nufin ciwon da kunya ta hana ta ambata, kuma amarya mai cikin fari ba lalle ta ce tana da ciki ba, sai dai ta ce ta yi ɓatan wata, ko ma ta yi shiru. Ɗalibin likitan da aka koyar da Turanci zalla ba zai samu wannan a littafi ba, sai daga bakin masu maganar.

Ta fuskar tsari, Najeriya na da kwamitocin raya mazaɓa, waɗanda aka ɓullo da su a farkon shekarun 2000 don jama'a su sa ido a kan ƙananan asibitoci, sannan a 2018 aka ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata, wanda ya haɗa da haƙƙin samun bayani da harshen da mutum ke fahimta. Tambayar da ta dace a yi wa kowane irin wannan kwamiti ita ce ta Stafford: wa ke zaune a cikinsa? Sau da yawa za a tarar da mai unguwa da liman da ɗan kasuwa da malamin makaranta, duk maza, alhali masu cika layin asibitin mata ne da goyo. Idan kuma aka yi taron da Turanci, ko aka sa shi da hantsi lokacin da manomi ke gona, to an riga an zaɓi waɗanda za su yi magana tun kafin a buɗe taro da addu'a. Ga kuma batun kuɗin mota da ladan lokaci, wanda idan ba a tanada ba, mai hali kaɗai zai iya zuwa. Malamin da aka naɗa magatakarda yana da abin yi a nan: ya rubuta maganar mutane yadda suka faɗe ta, kada ya goge mata kaifi da sunan gyara, kuma a taro na gaba ya karanto ta ya tambayi abin da aka yi a kai.

7.8 Tambayoyi da Aikin Yi

1. Bambance tsakanin sanarwa da tuntuɓa da shigarwa, tare da kawo misalin kowace daga makarantarku ko unguwarku.

2. Zaurukan majinyata suna nan a Stafford amma ba su hana abin da ya faru ba. A kan wane hawa na tsanin Arnstein za ka ɗora su? Kafa hujja.

3. Tattaro sunayen cututtuka goma na Hausa. Fayyace ƙirar kowace kalma, sannan ka nuna ko tana ɗauke da bayanin sanadi, ko siffar ciwo, ko tsangwama.

4. Ziyarci ƙaramin asibitin da ya fi kusa da kai, ka nemi izinin shugabansa, ka binciko ko akwai kwamitin jama'a, mata nawa ne a ciki, da wane harshe ake taro, da kuma abu ɗaya da aka sauya saboda shawararsu. Rubuta rahoton da bai wuce shafi biyu ba, ba tare da ambaton sunan kowane majinyaci ba.